Waiwaye: Yadda kwamfuta ta gano hannun maƙwabci a mutuwar taurari

A daren 23 wayewar 24 ga Fabrairun 1987, wani matashi ɗan Kanada mai suna Ian Shelton yana aiki a tashar hangen sama ta Las Campanas da ke ƙasar Chile. Ya wanke hoton da ya ɗauka na Babban Girgijen Magellan, wani gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, sai ya ga ɗigon haske a wurin da jiya babu komai. Ya fita waje ya ɗaga kai, ga abu nan ƙuru-ƙuru. Tauraro ne ya yi gagarumar fashewar da masana ke kira sufanoba, kuma haskenta ya shafe shekara kusan 168,000 a kan hanya kafin ya iso. Rabon a ga irin wannan da ido tun 1604.

Murnar ba ta je ko'ina ba sai ga ciwon kai. Da aka tono tsofaffin hotuna aka gano tauraron da ya mutu, sai aka tarar shuɗi ne, alhali lissafin lokacin ya ce jajayen ƙattai ne ke fashewa. Daga baya madubin hangen nesa na Hubble ya nuna zobba uku na iskar gas kewaye da wurin. Ruwa ba ya tsami banza. Tauraron da ke zaune shi kaɗai, me zai sa ya zubar da jikinsa cikin irin wannan tsari?

Mutane sun daɗe suna ganin irin wannan baƙo a sama. A shekarar 1006 Ali ibn Ridwan, wanda ya zama likita a Alƙahira, ya ga ɗaya, ya rubuta cewa girmansa ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na Zara. Mutanen Sin sun rubuta wani a 1054. Amma bayanin abin da ke faruwa sai a ƙarni na 20. A 1930 Subrahmanyan Chandrasekhar, yana ɗan shekara 19 a jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila, ya fara lissafin da ya nuna cewa gawar tauraro da ake kira farin wada ba ta iya ɗaukar nauyin da ya wuce kimanin 1.4 na nauyin rana. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ce fashewar tana barin wani dunƙule mai matuƙar tauri, tauraron nutiron. A 1941 Rudolph Minkowski ya raba sufanoba gida biyu, masu alamar haidurojin a haskensu da marasa ita. Wannan rabon shi ne ya bar babbar tambaya, domin iskar haidurojin ita ce rigar kusan kowane tauraro. To wa ya tuɓe wa waɗancan riga?

Amsar ta ɓullo ne daga wani tauraro da Larabawa suka raɗa wa suna Ra'asul Gul, kan dodo, Turawa suka mayar da shi Algol. Duk bayan kwana biyu da sa'a kusan 21 sai haskensa ya dusashe na wasu sa'o'i. Tun 1783 John Goodricke ya auna wannan lokaci, ya kuma yi hasashen wani abu ne ke giftawa ta gabansa. Haka ne kuwa, taurari biyu ne ke zagaya juna. Sai dai akwai abin ɗaure kai. Ƙa'ida ita ce tauraro mai nauyi ya fi saurin cinye makamashinsa: rana za ta yi shekara biliyan 10, wanda ya ninka ta sau 20 kuwa miliyan 10 kacal. A Algol kuwa, mara nauyin ne ya tsufa, mai nauyin yana kan ganiyarsa. Kamar a ce an haifi tagwaye, raunanan ya yi furfura. A 1955 John Crawford ya warware ƙullin: wanda ake gani mara nauyi yanzu, da can shi ne babba. Da ya tsufa ya kumbura, ya ƙetare iyakar da ƙarfin janyowarsa ke iya riƙewa, sai jikinsa ya riƙa kwarara zuwa ga ɗan'uwansa. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

A nan ne kwamfuta ta shigo, kuma dole ce ta sa. Babu mai tsawon ran da zai zauna ya kalli tauraro ɗaya daga haihuwa zuwa mutuwa. Abin da muke gani kamar mutum ne ya leƙa kasuwa sau ɗaya, ya ga jariri da saurayi da tsoho, aka ce ya faɗi yadda ɗan'adam ke girma. A ƙarshen shekarun 1950 Louis Henyey da abokan aikinsa a Kalifoniya suka fito da dabarar da har yau ake amfani da ita. Ana yanka tauraro a lissafi ɓawo-ɓawo kamar albasa. A kowane ɓawo kwamfuta ta daidaita zafi da matsi da nauyi da makamashin da ke fita, ta matsa gaba da wasu shekaru, ta sake lissafin, har tauraron ya tsufa a kan takarda. A 1967 Rudolf Kippenhahn da Alfred Weigert a Jamus suka sa taurari biyu a wannan lissafi, suka bi diddigin yadda ɗaya ke zuba wa ɗaya jiki. Bohdan Paczynski yana irin wannan aiki a Warsaw ta ƙasar Poland, da kwamfutocin da wayar hannu ta yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba.

Daga nan bayanai suka fara faɗawa gurbinsu. A 1973 John Whelan da Icko Iben suka ce farin wada na iya tsotsar maƙwabcinsa har ya kusanci iyakar Chandrasekhar, ya kama da wuta ya tarwatse gaba ɗaya. A 1984 Iben da Alexander Tutukov, da kuma Ronald Webbink a nasa ɓangaren, suka kawo hanya ta biyu: fararen wadanni biyu su yi ta matsowa har su haɗe. Wannan nau'in, mai laƙabin Ia, ba ƙaramin abu ba ne. Da shi aka auna nisan sararin samaniya a 1998 aka gano saurin faɗaɗarsa ƙaruwa yake yi, binciken da ya ci kyautar Nobel a 2011. Har yau masana na ja-in-ja kan wace hanya ta fi yawa. A 2011 wata sufanoba irin wannan ta fashe a gungun taurari na M101, aka duba hotunan da aka ɗauka kafin faruwar abin, ba a ga jan ƙato a gefenta ba, hakan ya ƙara wa masu hanya ta biyu ƙarfin gwiwa.

Shi kuwa shuɗin tauraron 1987, Philipp Podsiadlowski, wanda ya yi aiki a Jami'ar Oxford, ya daɗe yana cewa taurari biyu ne suka haɗe. A 2007 shi da Thomas Morris suka nuna a kwamfuta cewa haɗewar da ta auku kimanin shekara 20,000 kafin fashewar na iya watsa gas cikin zobba uku irin waɗanda Hubble ya gani. Wata sufanoba da ta fashe a 1993 a gungun M81 ta fara da alamar haidurojin, cikin makonni alamar ta dusashe, wato rigar saura ƙyalle. Bayan shekara goma, da hasken ya lafa, aka hango maƙwabcin da ake zargi yana nan tsaye.

Duk da haka litattafan koyarwa sun ci gaba da ba da labarin tauraro a matsayin gwauro, tagwaye kuma a babin ƙarshe. Abin da ya karya wannan shi ne ƙidayar da Hugues Sana da tawagarsa suka wallafa a 2012. Sun bibiyi manyan taurari 71 a cikin curin taurari shida, suka kammala cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan za su yi musayar jiki da abokin zama kafin su mutu, wasu ma su haɗe. Ashe abin da ake ɗauka togaciya shi ne ƙa'ida.

Yau akwai manhajojin lissafin taurari iri biyu. Irin MESA, wadda Bill Paxton ya jagoranta aka saki kyauta ga kowa, na bin tauraro dalla-dalla. Wasu kuma, irin wadda Jarrod Hurley da abokansa suka fitar a 2002, na amfani da gajerun ƙa'idoji su haifi miliyoyin tagwaye, su ƙirga nawa suka fashe da kuma ta yaya. Da na'urar LIGO da ke Amurka ta ji girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wato gawawwakin manyan taurari da ko haske ba ya kuɓuta daga janyowarsu, a ranar 14 ga Satumbar 2015, ga waɗannan manhajoji aka koma neman tarihinsu.

Amma akwai wurin da ni kam nake ganin bai kamata a yi saurin tafi ba. A 1976 Paczynski ya bayyana wani mataki da babban tauraro ke kumbura har ya haɗiye ɗan'uwansa, su biyun suna juyi cikin riga ɗaya. Ko dai su yage rigar su fito dab da juna, ko su narke su zama ɗaya. Da yawa daga cikin labaran nan sun ratsa ta wannan ƙofa, ga shi matakin gajere ne, ya kuma fi ƙarfin kwamfuta ta lissafa shi cikakke. Yawancin manhajojin ƙidaya lamba ɗaya suke sa wa a gurbinsa, ana kiranta alfa. A sauya ta, adadin fashewar da ake hasashe ya sauya. Shi ya sa hasashen da aka gwada da ido ya fi daraja a wurina. A 2018 Ylva Götberg ta lissafa yadda hasken taurarin da aka tuɓe wa riga zai kasance: ƙanana, masu tsananin zafi, galibinsu iskar hiliyum, suna ɓoye a hasken maƙwabtansu. Ita da Maria Drout suka shiga nema a Gizagizan Magellan, a 2023 suka sanar da samun 25.