Ba kullum dutsen ƙasa ke girme wa na sama ba

An daɗe ana cewa duk dutsen da ke ƙasa ya girmi na samansa. Inda ƙasa ba ta motsa ba, galibi haka ne. Amma tsofaffin duwatsun da zafi da matsi suka sauya wa kama sun sha lanƙwasa, wasu ma kifewa suka yi. A Knockan Crag ta Sikotland, irin wannan dutse mai shekara kusan miliyan 1,000 yana kan wani mai kimanin miliyan 500, domin motsin ƙasa ya turo shi sama.

In ka tsaya gaban dutse, duba jijiyar da ta keta shi, wato zanen wani ma'adini da ya ratsa cikinsa: ita ce ƙarama a shekaru, don sai da ya samu kafin ta ratsa. Ainihin shekaru kuwa, ɗaya daga hanyoyin gano su ita ce auna yuraniyom da dalmar cikin ƙwayar zirkon, wani ma'adini da ake samu a wasu duwatsu.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.