Idan ɗan jami'a ya zo ɗaukar muryarka: abin da dokar Gana ta ce

Kwanakin baya wani ɗalibi ya yi sallama a gidanmu a unguwar Nima ta Akra, waya a hannu, da 'yar takarda mai shafi biyu. Bincike yake yi a kan Hausar Zango, yadda da yawa a cikinmu ke cewa "ya zo" ko da mace ake nufi, da kalmomin yaren Tuwi da suka shige mana baki. So yake Inna ta yi masa tatsuniya ya ɗauka. Har ta miƙa babban yatsa za ta dangwala na ce, "Inna, ki dakata a karanta miki tukuna." Yaron ya durƙusa ya fassara mata takardar layi-layi, yana cewa, "Hajiya, in ba ki yarda ba, babu dole." Ya kyauta, kuma abin da doka ke nema daga gare shi ke nan.

Dokar ita ce Dokar Kare Bayanan Mutum ta 2012, mai lamba 843. Duk abin da za a iya gane ka da shi yana ƙarƙashinta: suna, hoto, lambar waya, har muryar da maƙwabta za su ji su ce wane ne. Sashe na 20 ya hana a yi aiki da irin wannan bayani sai da yardar mai shi tun da farko, ban da wasu 'yan wurare da aka keɓe, kamar inda wata doka ta ba da izini. Mai karɓar bayanin kuma sai ya sanar da kai ko shi wane ne, me zai yi da shi, su wa za su samu, kuma ko bayarwar ganin dama ce. Takardar Turanci da aka dangwala ba a san abin da ke ciki ba, a ganina ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Wasu masu nazarin harshe sun fi son hirar da mutum bai san ana ɗauka ba, don a nan harshe ke fitowa yadda yake. Na fahimci dalilinsu, amma sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na zance, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗaukar hirar waya a ɓoye keta wannan haƙƙi ne.

Inda ya fi shafar mu shi ne abin da dokar ta ware a matsayin bayanai na musamman: ƙabila, addini, ra'ayin siyasa, lafiya, da bayanan yaron da ke hannun iyaye. Waɗannan an ƙara tsaurara musu. To, wace hira za a yi a Zango ba a taɓo su ba? Tambayar farko ta mai nazarin harshe ita ce asali, Bahaushe ne kai ko Bazabarme, Kotokoli ko Mosi, daga ina kakanka ya zo. Tsohuwa kuma in ta saki jiki, daga tatsuniya sai labarin kishiya, sai ciwon da ke damunta, sai jam'iyyar da ta zaɓa. Tana da damar cewa a kashe wayar, ko a cire wannan wuri. Zuwa gaida sarkin Zango ko liman kafin a shiga unguwa ladabi ne mai kyau, sai dai izininsu ba ya tsaya wa kowa. Haka a makarantar allo, kafin a ɗauki muryar yaro sai a nemi iyayensa ko mai riƙonsa.

Bayan an ɗauka, kana iya neman a nuna maka abin da aka ajiye a kanka, a ba ka amsa cikin kwana 40, kana iya neman a gyara kuskure, ko ka ce a daina amfani da shi. In an ƙi, akwai Hukumar Kare Bayanai a nan Akra. Jami'o'in ma suna da kwamitocin da ke tantance bincike kafin a fita, a Jami'ar Gana ta Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi, don haka ka tambayi takardar amincewarsu da sunan malamin da ke duba ɗalibin.

Amma dokar ta yi wa bincike sassauci, kuma wannan ne mutane ba su sani ba. Abin da aka tara don bincike ana iya ajiye shi ba tare da wa'adi ba, kuma in sakamakon bai fito da kai yadda za a gane ka ba, wasu haƙƙoƙin naka suna raguwa. Shi ya sa tambayoyin suka fi amfani kafin a danna wayar: za a sa muryar a intanet? Za a ba wani kamfani ya koya wa kwamfuta Hausa da ita? Da sunana ko a ɓoye?

Ni ina so a yi binciken nan, sosai ma. Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, da yawa an same su ne saboda Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 tana ɗaukar kwafin rubuce-rubucensu na Larabci da ajami. Hausar da tsofaffinmu ke yi yanzu ta cancanci irin wannan kulawa.

Inna ta yarda, da sharaɗi biyu: a sakaya sunanta, kuma a ba ta nata kwafin. Na biyun ba a cikin takardar yake ba, sai da muka sa ya rubuta da biro a ƙasa ya sa hannu. Bayan sati guda ya turo muryar ta WhatsApp, tatsuniya uku, har da tarinta da kukan akuyar maƙwabta a ciki.