Digirin Kiriminoloji daga gida: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi min

Tunda na gama digirin Kiriminoloji a NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, mutane basa barina, wani ya tsare ni bayan sallar la'asar wani ya kira waya cikin dare, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Shine nace bari in tattara su in amsa iya sanina.

Wai shi Kiriminoloji ɗin mene ne ma? Lauya mutum zai zama?

A'a ɗan'uwa, ba lauya ba, kuma gara ka sani tun kafin ka sayi fom dan na ga wanda sai da yayi shekara guda sannan ya gane. Mai son lauyanci digirin shari'a zai yi sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Shi wannan nazarin laifi ne, me yasa mutum yake aikata shi, ya al'umma take ɗaukar mai laifin, sannan ya ƴan sanda da kotu da gidan gyaran hali suke aiki tare tun daga ranar da aka kama mutum har ranar da ya fito. A jami'ar NOUN an haɗa shi da nazarin tsaro, shi yasa zaka ji ɗalibai na cewa CSS, wato Criminology and Security Studies.

To ita NOUN ɗin jami'a ce ta gaske ko dai ta takarda ce kawai?

Ta gwamnatin tarayya ce, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa wato NUC na sa ido a kanta kamar sauran. Shagari ne ya kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, shi kansa bayan ya sauka daga mulki can ya koma ya zama ɗalibi har ya yi digirin digirgir. Hedikwatarta na Jabi a Abuja, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiyoyin karatu a Kano, Kaduna, Sakkwato, Katsina, Bauchi, Maiduguri da sauran jihohi, har cikin wasu gidajen gyaran hali akwai, fursunoni na karatu suna fita da digiri. Ni wannan ɗin yana taɓa min zuciya sosai.

Me ake buƙata kafin a shiga?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi. Ba sai ka zauna jarabawar JAMB ba, a intanet ake cike fom. Mai NCE ko difloma yana iya farawa daga aji biyu. Wanda ya fara daga aji ɗaya shekara huɗu ce in bai tsaya a hanya ba.

Yaya, in ba'a zuwa aji to ya ake karatun?

Nan ne gizo ke saƙar. Kowane kwas yana da littafinsa da zaka sauke a waya ko ka buga a takarda, akwai darussa da ake yi ta intanet, amma maganar gaskiya mafi yawan aikin kai da littafinka ne, babu malamin da zai kira sunanka da safe, babu wanda zai tambaye ka ina ka shiga jiya. Kowace samista akwai aikin da ake ce ma TMA, tambayoyi ne da kake amsawa a shafinka na ɗalibi kuma su ke ɗauke da maki 30, jarabawa ta ɗauki 70. Ita jarabawar dole ka je cibiya da ƙafarka, ƴan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke yi, daga aji uku kuma biro da takarda ne, rubutu sosai, wanda ya saba da canki-canka a nan yake gane kurensa.

Ni lokacin da nake yi ina da shago da iyali, sai yara sun kwanta nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida in jingina waya da buta in karanta shafi goma sha biyar ko ashirin, TMA kuma sai wajen ƙarfe biyun dare nake yi dan lokacin netwok ya fi sauƙi. Mun haɗa wani ɗan zaure mu shida duk Asabar bayan azahar, cikinmu akwai ɗan sanda da ma'aikaciyar jinya da wani gandiroba, kuma wallahi abinda gandiroban nan yake bamu labari na cunkoson masu jiran shari'a ya fi zama a kaina fiye da abinda ke cikin littafin.

Akwai masu cewa a basu kuɗi su yi maka TMA, laifi ne?

Kar ka fara. Banda cewa ha'inci ne, kanka kake cuta, dan tambayoyin nan su ne ke tilasta maka buɗe littafi. Kuma kar ka miƙa ma kowa lambar sirrinka. Na taɓa ba wani yaro mai shagon kwamfuta ya yi min rajista, ya yi ta kwas ya manta ta jarabawa, alhali biyu ne daban kowace da kuɗinta, ban sani ba sai ana saura kwana kaɗan, da ƙyar na gyara. Daga ranar da hannuna nake komai in kuma buga takardar shaida in adana.

Me ake koya a ciki da zai amfane ni a rayuwa?

Da yawa. Za'a fara da masana na da, irin Beccaria ɗan Italiya da tun 1764 yake cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, da Lombroso wanda ya ce ana haifar mutum da laifi a jininsa har ana ganewa a siffar kansa, maganar da bincike ya rushe daga baya. Sai Merton da ya ce in al'umma ta nuna ma yaro cewa kuɗi ne mutunci amma ta rufe masa hanyar halal to zai nemi wata, ka karanta wannan ka tuna da yaran unguwarku da suka faɗa daba ko ƙwacen waya, jikinka sai ya yi sanyi.

Sannan dokokin ƙasa. Arewa da Penal Code take aiki tun 1960, kudu kuma Criminal Code, ga dokokin shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara aiki da su a 2000 wasu jihohi suka biyo. Akwai dokar tafiyar da shari'ar laifuka wato ACJA ta 2015 wadda sashe na 7 ya hana a kama mutum a madadin wani, wato ba'a ɗaukar uba ko ƙani dan an rasa wanda ake nema, jihohi ma sun yi irin tasu. Kundin tsarin mulki a sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, in babu kwana biyu. A 2019 aka sauya sunan hukumar gidan yari ta koma ta gyaran hali, aka kuma shigo da hukuncin da ba sai an kulle mutum ba kamar yi wa al'umma aiki. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa ta zo tana kuka wai ance mace bata tsayawa beli, nace Inna ba haka doka ta ce ba, ACJA ta hana a ƙi mutum dan kawai mace ce, ki je da katinki na ɗan ƙasa.

Ina ake samun aiki da shi?

Ba zan yaudare ka ba, digirin baya zuwa da takardar ɗaukar aiki. Amma hukumomi irin ƴan sanda, Sibil Difens, shige da fice, kwastan, NDLEA, EFCC da gyaran hali fannin su ne, haka kamfanonin tsaro da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam. Wanda na ga ya fi cin moriyarsa shine wanda dama yana cikin kaki, yana bakin aikinsa yana karatu ko an canza masa gari sai ya nemi a mayar da shi cibiyar da ke kusa.

Ni matar aure ce da goyo, zan iya?

Ƙwarai kuwa Hajiya, matan da muka yi tare da yawansu sun fi mu maki. Ki dai samu waya mai ɗan girman fuska, ki ware kuɗin data da na rajista tun farkon samista, ki kuma yi magana da maigida tun da wuri a kan makonnin jarabawa dan su kam sai kin fita, wani lokacin har sau biyu a rana, ki tanadi wadda zata riƙe miki yaron.