Wa aka yarda ya rubuta shiri a cikin rumbun bayanai?

Injin shinkafa a Birnin Kebbi, ko ƙungiyar manoma a Argungu, da ke ajiye sunaye, lambobin waya da lissafin bashi a PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, wata rana sai sun kira mai manhaja ya saka ƙaramin shiri cikin rumbun, ko don lissafin kuɗin buhu ko rahoton ƙarshen wata. Harshen da zai rubuta shirin da shi yana da ƙa'ida.

PostgreSQL ya kasa waɗannan harsuna gida biyu. Amintacce shi ne wanda aka ɗaure: ba ya buɗe fayil a kan saba (kwamfutar da rumbun ke kai), ba ya kunna wata manhaja, ba ya kai mutum ga bayanan da izininsa bai kai ba. Baƙo ne da aka yi wa shimfiɗa a zaure, ba ya leƙa ɗaki. PL/pgSQL, wanda ke zuwa a shirye tun siga ta 9.0 a 2010, yana cikinsu, haka PL/Perl da PL/Tcl. Kowa na iya rubutu da su, sai in an janye izinin USAGE, wato izinin amfani da harshen.

Sauran kuwa, waɗanda ba amintattu ba, da harafin u ake gane su: plperlu, pltclu, plpython3u. Duk abin da asusun da PostgreSQL ke aiki da shi a kan saba zai iya, su ma za su iya, shi ya sa superuser, wato mai cikakken iko a rumbun, kaɗai ke ƙirƙirar shiri da su. Python ma ba shi da amintaccen reshe a cikin abin da PostgreSQL ke zuwa da shi.

A nan aka fi yin sakaci. Mai manhaja ya ce shi Python ya iya, sai manaja ya ce a ba shi superuser, aiki dai ya tafi. An gama, an biya shi, ba wanda ya tuna ya karɓe izinin. Alhali Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 a wuyan mai riƙe da bayanan ta rataya tsaronsu. A ganina gara babban mai kula da rumbun ya karanta shirin, ya saka da hannunsa, sannan ya ba wanda ya dace izinin EXECUTE kawai, wato na kunna shirin.

Amintaccen ma ba a sakar masa jiki. A 2010 sai da aka cire Safe.pm, ƙaramar manhajar da ke yin ɗaurin, daga PL/Perl bayan an gano hanyar tsallake shi. Kuma ɗaurin bai hana shiri ya yi ta kewaye ba iyaka har saba ta yi nauyi, sai an saita statement_timeout, wato iyakar lokacin da umarni zai ɗauka.