Badagry: Garin Kwakwa Da Kwale-kwale A Ƙarshen Legas

Wai ina ne Badagry ɗin nan?

Can yammacin jihar Legas take, ita ce ƙaramar hukuma ta ƙarshe kafin bodar Seme da Jamhuriyar Benin. Yawancin mutanenmu ta hanyar Kwatano suka san ta, su wuce a mota ba su taɓa sauka ba, kuma wallahi suna tafka asara. Garin na bakin wani dogon ruwa mai kwanciya, ƙetarensa akwai siririn tsibiri mai rairayi, Gberefu, bayansa kuma teku ne.

Su waye a wajen, da me suke ci?

Akasari ƙabilar Egun ne, sai Yarbawa, sarkinsu Akran ake ce masa. Sana'a kam kamun kifi ne da kwakwa. Da asuba maza sun tura kwale-kwale, da hantsi mata sun tare su a bakin ruwa da kwanduna, kifin da bai shiga kasuwa ba a yi bandarsa, shi ya sa ƙauyukan kullum cikin hayaƙi da ƙamshin kifi suke. Ana rogo a yi garin kwaki, ana saƙa tabarma.

To me ya sa ake yawan ambatonta a tarihi?

Cinikin bayi. Daga nan aka yi ta lodin mutane zuwa ƙetare, Brazil musamman, kuma cikinsu akwai Hausawa da aka kamo daga arewa. Har yau kurkukun bayi na Seriki Abass, wani mai fataucin bayi, na nan, ɗakuna ƙanana masu ɗan tagar da ba ta kai komai ba, sarƙoƙin ma an ajiye su kana iya ɗagawa ka ji nauyinsu a hannunka. Sai a tsallaka da kai Gberefu ka taka rairayi har inda jiragen ke jira, a hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Wannan rijiyar ta fi komai taɓa ni, mutum ya bar uwa da uba kuma a so ya manta da su.

Bene fa, gaskiya ne nan aka fara?

Ginin da mishan suka yi a 1845 shi ake kira benen farko a Najeriya, amma ni dai ina ganin benen Turawa ake nufi, don Kano ta san soro tun kafin nan.

Akwai wata alaƙa da arewa bayan wannan?

Sosai. Daga Badagry Bature Clapperton ya taso a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827, yaronsa Richard Lander ya dawo ta Badagry ɗin.