Gyaran fursunoni masu tsattsauran ra'ayi: me ya sa gwamnati ba za ta iya ita kaɗai ba?

Me ya sa za a damu da wanda ya zubar da jini?

Saboda yawancinsu za su fito wata rana. In ba a taɓa tunaninsu ba, gidan yari kan zama musu makaranta. Abubakar al-Bagadadi, wanda ya zama shugaban ƙungiyar IS, ya zauna a tsare a sansanin fursunoni na Bucca da ke Iraƙi a 2004, inda mutane da dama da suka jagoranci ƙungiyar IS daga baya suka san juna.

To ina ruwan ƙungiyoyin farar hula?

Gwamnati ce ke da mabuɗi da kuɗi da doka. Abin da ba ta da shi shi ne amincewar fursunan, don a idonsa ita ce abokiyar gaba. Wanda aka koya wa cewa hukuma kafira ce ba zai karɓi tafsiri daga bakin gandiroba ba. A Singafo, tun 2003 malamai 'yan sa-kai ke shiga wurin tsararrun 'yan ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta Jemaah Islamiyah suna warware musu ayoyin da aka murɗa, wasu ƙungiyoyin kuma na tallafa wa matansu da karatun 'ya'yansu. Wannan na biyun ya fi burge ni. Mutumin da ya ga an riƙe masa iyali yana tsare, zuciyarsa kan yi laushi kafin hujja ta iso. Takardar Roma ta 2012, jagorar ƙasa da ƙasa kan gyaran irin waɗannan fursunoni, ita ma ta nemi a sa malamai, iyalai da waɗanda aka cuta cikin aikin.

Ina haɗin gwiwar ke tsinkewa?

Idan jami'an tsaro suka mayar da malami ko mai ba da shawara ɗan leƙen asiri, fursuna zai gane, kuma ba zai ƙara buɗe baki ba. Dole tun farko a fayyace abin da za a kai rahoto da abin da ke amana. Sai kuma kuɗi: tallafi ya ƙare, mutum ya fito ba sana'a, unguwa na gudunsa.

Ba a yaudarar masu aikin?

Ana yi. A Nuwamba 2019 Usman Khan, tsohon fursuna da aka ɗaure kan ta'addanci, ya kashe mutum biyu a Landan, a wajen taron gyaran fursunoni da aka gayyace shi. Shi ya sa auna haɗari da sa ido bayan saki nauyin hukuma ne, bai kamata a ɗora wa 'yan sa-kai ba.