Koren Shayi da Kitsen Jini: Ku Sha, Amma Kada Ku Ajiye Magani

Wani dattijo daga Tudun Wada ya zo awon jini wurinmu, ya ce min, "'Yata, na ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta, koren shayi nake sha safe da yamma." Gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, shayin nan yana da amfani, amma bai kai ya gaji magani ba."

Koren shayi da baƙin shayi ganyen bishiya ɗaya ne. Shi koren ana turara shi ko a gasa shi da wuri bayan tsinka, sai sinadaransa da ake kira katekin su tsira. Kitsen jini mai cutarwa, wato LDL, idan ya lalace kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, ya fi saurin maƙalewa a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata. Katekin na taimakawa wajen rage wannan tsatsar, yana kuma rage kitsen da hanji ke tsotsa daga abinci.

A Japan an bibiyi mutum sama da 40,000, aka fitar da sakamako a 2006: masu shan koren shayi kofi 5 ko fiye a rana sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi. Sai dai ragin da shayin ke yi wa kitsen jini, wato kolestarol, kaɗan ne, bai kusanci na ƙwayar asibiti ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sukari. Shayin Buzaye da matasa ke dafawa a 'yar buta kan gawayi a majalisun Kawo da Rigasa koren shayi ne, amma ku dubi sukarin da ake zubawa kafin kumfa ta tashi! Ana gyara ta gaba, ana ɓatawa ta baya. Ku rage shi sannu a hankali, ku sa na'a-na'a don ɗanɗano.

Ku yi hattara da ƙwayoyin koren shayi na rage ƙiba da ake tallatawa. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa miligiram 800 na sinadarin EGCG (wani nau'in katekin) a rana daga irin waɗannan na iya taɓa hanta. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini kada su haɗa shayi da abinci, su ba da tazarar awa guda, domin yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci.

Shi Baba ya koma kan maganinsa, shayinsa kofi biyu ba sukari. Bayan wata uku zai dawo mu sake auna jinin.